Firam na zubewa a bakin manyan tashoshi: wane saiti zan fara ragewa a Train Simulator Classic?

Dan_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan Train Simulator Classic, wasan tuƙin jirgin ƙasa na kwamfuta. Laftof ɗin Core i5-9300H ne, katin hoto GTX 1650 mai 4GB, ram 8GB sanda ɗaya. Windows na kan ƙaramin SSD, wasan kuma na kan faifan HDD mai 1TB. Allon 1920x1080 ne. A layin Oxford zuwa Paddington, muddin ana cikin karkara firam, wato hotunan da wasan ke zanawa, na kai 50 zuwa 55 a sakan, amma da an doshi Landan sai ya zube zuwa 14 ko 15. Ban da wannan akwai wata 'yar tsayawa da hoton ke yi jefi-jefi ko da a fili ne, kamar rabin sakan, sannan ya ci gaba. Anti-Aliasing, saitin da ke santse gefen abubuwa, na kan SSAA 2x2, sauran ma'aunai duk na ja su ƙarshe. Me zan fara ragewa, me kuma zan bari don kada wasan ya yi muni?

Bazazzagi_88:
Wa alaikumus salam. SSAA ɗin nan ne, ba sai an yi nisa ba. 2x2 na nufin katin zai zana hoton ninki biyu a faɗi, ninki biyu a tsawo, sannan ya matse shi ya dawo girman allonka. 1920 sau 1080 ɗigo 2,073,600 ne. Ninka sau huɗu ka samu 8,294,400, daidai da allon 4K ke nan. GTX 1650 ba a yi shi don wannan kaya ba. Mayar da shi FXAA haɗe da MSAA, zaɓin Anti-Aliasing mai sauƙin nauyi, ka sake kunna wasan, ka dawo ka ba mu labari.

Injiniya_Kongo:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bazazzagi ya faɗi gaskiya a kan SSAA, amma Malam Dan_Samaru matsaloli biyu ka kawo, wataƙila ma uku, kuma kowace da maganinta daban. Kada ka taɓa komai sai ka auna.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi wuri guda mai nauyi, misali ka fara Quick Drive, tuƙin da kai ke zaɓar jirgi da hanya, daga Paddington, jirgi na tsaye, kana cikin ɗakin direba kana kallon gaba. Danna Shift da Z, lambar firam za ta fito a kusurwar allo. Rubuta ta. Sai ka buɗe MSI Afterburner ko HWiNFO, duka kyauta ne, ka duba abu uku: kashi nawa katin hoto ke aiki, kashi nawa kowane zaren furosesa ke aiki, da zafin kowannensu. In katin na kan 97 zuwa 99 cikin ɗari, shi ne ya gaji, kuma rage SSAA, inuwa da rezulushan zai taimaka. In kuwa katin na zaune a 40 ko 50 alhali firam na 15, to katin jiran furosesa yake yi, kuma ko ka sauke allon zuwa 1280x720 lambar ba za ta motsa sosai ba.

Akwai ma gwaji mafi sauƙi ga wanda ba ya son sauke wata manhaja: sauke rezulushan zuwa 1280x720, ka koma wurin nan dai. In firam ya yi tsalle, kati ne. In ya tsaya inda yake, furosesa ne.

Zatona shi ne a karkara katin ne ke riƙe ka a 50, a Paddington kuma furosesa ne. Amma zato ne, awo zai nuna.

Dan_Samaru:
Na gode Injiniya. Amma Task Manager na nuna furosesa bai wuce 25 cikin ɗari ba ko a Landan. Shi ya sa ban zarge shi ba.

Injiniya_Kongo:
Wannan lambar ce ke ruɗin mutane da yawa. Furosesanka ƙwaya 4 ne, zare 8, wato layukan aiki takwas da yake iya bi a lokaci guda. Task Manager na haɗa duka takwas ɗin ya ba ka matsakaici. In zare ɗaya ya cika maƙil, sauran bakwai na hutawa, abin da za ka gani 12.5 cikin ɗari ne kacal. Injin wasan nan tun RailWorks na 2009 yake, an gina shi a kan DirectX 9, kuma mafi yawan aikinsa a zare ɗaya yake bi. Kamar shagon hatsi ne mai yara takwas amma mudu ɗaya, layi ba zai yi sauri ba komai yawan masu tsayuwa a bayan kanta. A Task Manager ɗin, shiga Performance, danna dama a kan zanen CPU, ka zaɓi Logical processors, za ka ga kowane zare da nasa akwatin. Wani lokaci Windows na yawo da aikin daga wannan zare zuwa wancan, sai ka ga duk sun ɗan ɗaga ba wanda ya cika, don haka aikin katin hoto ya fi zama shaida mai ƙarfi.

Mai_Gyara_PZ:
Kafin ku nutsa cikin saiti, a duba abu na farko da ke kawo irin laftof ɗin nan teburin gyara: shin wasan ma a kan Nvidia yake tafiya? Laftof ɗin kati biyu gare shi, na Intel da ke cikin furosesa da kuma GTX ɗin. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka nemo RailWorks64.exe a cikin steamapps\common\RailWorks, ka sa shi a High performance. Sai dai da 50 a karkara da SSAA 2x2, na Intel ba zai iya ba, don haka naka mai yiwuwa daidai yake. Na faɗa ne don masu karantawa daga baya.

Na biyu caja. Irin waɗannan laftof ɗin cajarsu ta asali yawanci 135W ce ko 150W. In aka sayo shi na hannu, sau da yawa ana haɗa shi da caja 65W ko 90W don bakinta ya shiga. Zai kama, zai yi caji in yana zaune, amma da wasa ya ɗauki zafi sai ya rage gudun kansa ko batir ya riƙa sauka alhali yana jone. Juya cajar ka karanta: ninka volt da amp ɗin da aka rubuta. 19.5 sau 3.33 ya ba ka 65, wannan ba ta isa ba. 19.5 sau 7.7 ya ba ka 150.

Hauwa_Hanwa:
Ƙari a kan maganar Oga Mai_Gyara: duk awon da aka yi a kan batir ba awo ba ne. Da an ɗauke wuta katin na sauke gudunsa, kuma manhajar Nvidia na da Battery Boost da ke tsayar da firam a 30 ko da katin zai iya fin haka. Wanda ya saita wasansa da rana a kan batir, ya zo da dare wuta ta dawo, zai ga lambobi daban ya rasa dalili. A gwada komai caja na jone.

Direban_Kaura:
Ni dai shawarata a kashe Dynamic Lighting gaba ɗaya. Shi ne saiti mafi nauyi a wasan, a kashe shi firam zai tashi nan take, a huta da lissafi.

Bazazzagi_88:
A'a Malam Direba, wannan maganin mai kwamfuta mara katin hoto ne. In ka kashe Dynamic Lighting, fitilar jirgi ba za ta haska dogo da dare ba, ɗigon ruwan sama ba zai sauka a gilashi ba, inuwa mai motsi ta tafi, kuma kan jiragen da aka fitar a shekarun baya-bayan nan an ƙera su ne da zaton yana kunne. Wasu in ka shiga rami ba za ka ga agogon gudu da kyau ba. Mai ƙaramin katin Intel irin UHD 620 ko tsohon HD 4000 na iya yin haka don ba shi da zaɓi. Mai GTX 1650 bai kai nan ba.

Direban_Kaura:
Na yarda da batun dare. Amma wanda tukinsa na rana ne, kuma abin da ya dame shi ya ga sigina ya taka birki a kan lokaci, me ya rasa?

Bazazzagi_88:
Ya rasa abin da ya sayi katin dominsa. Akwai matakai huɗu ko biyar da za a bi kafin a kai ga wannan.

Injiniya_Kongo:
Bari in jera su yadda nake ganin nauyinsu, ga na'ura irin ta Dan_Samaru, kuma kowane ɗaya a canza shi shi kaɗai a sake awo a wuri guda. Wasan na sake kunna kansa in an canza saitin hoto, abin na cin lokaci, amma wanda ya canza biyar a tashi ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Na ɓangaren kati: Anti-Aliasing shi ne babba. MSAA gefen abubuwa kawai yake gyarawa, don haka ya fi SSAA sauƙi nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne wayoyin lantarki na sama da shingen ƙarfe za su ɗan riƙa ƙyalƙyali daga nesa. In hakan ya dame ka akwai SSAA 1x2 ko 2x1, ninki biyu maimakon huɗu. 3x3 kuwa ninki tara ne, a bar wa masu manyan katuna. Sai Shadow Quality, a sauke shi mataki ɗaya ko biyu. Sai Water Quality, wanda a layin da ba kogi ko teku ba za ka ga bambanci da ido ba, a layin bakin teku kuma hoton da ruwa ke mayarwa na sa a zana abubuwa sau biyu. Depth of Field da Adaptive Bloom a kashe, ba sa ƙara wa direba komai. Texture Filtering a bar shi a Anisotropic x8, kusan kyauta yake a katunan yanzu, kuma shi ke sa katakon dogo da tsakuwa su fito sarai daga nesa. Mutane na rage shi a banza.

Na ɓangaren furosesa: Scenery Density, Scenery Quality da View Distance. Kowane gini, sanda, benci, mota da bishiya umarni ne da furosesa zai tura wa kati. A karkara 'yan ɗaruruwa ne, a bakin Paddington ga gidaje, ga gadoji, ga layuka barkatai, ga taragu a ajiye. Inuwa ma na da hannu a nan, don duk abin da ke jefa inuwa sai an sake lissafa shi. Shi ya sa rage inuwa ke taimakawa ta ɓangare biyu.

TsohonReluwe:
Injiniya, a yi hattara da Scenery Density. In aka sauke shi da yawa abubuwa ne ke ɓacewa ɗungurungum, ba wai su yi dishi-dishi ba. Shinge, fitilun tasha, wasu gine-gine. Direba na riƙe wurin taka birki da alamun gefen hanya: wancan gada, wancan gidan sigina, wancan sito. In sun ɓace an ɓata masa sanin hanya. Mataki ɗaya ko biyu daga ƙarshe ya isa. Gara a rage View Distance, don daga ɗakin direba a cikin gari ba a ganin nesa ko yaya.

Injiniya_Kongo:
Haka ne Baba. Na amince.

Sabongari_Tek:
Ba wanda ya taɓa batun 'yar tsayawar nan ta rabin sakan, kuma ita ce ta fi ɓata tuki. Wannan ba ta da alaƙa da SSAA. Wasan na yanka duniya tayil-tayil, kowane mita 1024 a faɗi da tsawo. Duk lokacin da jirgi ya tsallaka iyaka sai a lodo tayil ɗin gaba da kayan da ke kansu. HST, jirgin fasinja mai sauri na Birtaniya, a cikakken gudunsa na mil 125, wato kusan kilomita 200 a awa, na cin kimanin mita 56 a sakan, ke nan duk sakan 18 ana sabon lodi. A kilomita 120 a awa, duk sakan 31. Dan_Samaru, duba agogo: in tsayawar na zuwa a jere da irin wannan tazara, kuma tana ƙara yawa in ka ƙara gudu, to lodi ne. Faifan HDD na laftof yawanci 5400 yake juyawa a minti, kuma neman ƙananan fayil dubbai shi ne abin da ya fi yi masa wuya.

Magani: mayar da wasan kan SSD. Ba sai ka sake saukewa ba, kada ka ƙona data. A Steam, manhajar da ake saye da kunna wasan, shiga Settings, Storage, ƙara faifan SSD a matsayin wurin ajiya, zaɓi wasan ka danna Move. In ƙaramin SSD ɗin ba zai ɗauka ba, cire HDD ɗin ka sa SATA SSD mai inci 2.5 a gurbinsa, tsohon ka sa shi a kwanso ya zama na waje. Tsayawar ba za ta ɓace duka ba, injin wasan ne haka, amma za ta gajarce sosai.

Sannan ka sa foldar RailWorks cikin Exclusions na Windows Security don kada a riƙa binciken kowane fayil yayin lodi. Sharaɗi: kayan da ke cikin foldar daga Steam ko amintaccen wuri suke.

Hauwa_Hanwa:
In kuɗin abu ɗaya ne ke hannu, ni ram zan ce kafin SSD. 8GB ne, Windows da Steam da burauza sun riga sun cinye kusan rabi kafin a buɗe wasa. Layi mai nauyi na iya neman fiye da abin da ya rage, sai Windows ya fara kwashe kaya zuwa faifai, wannan ma tsayawa ce. Kuma sanda ɗaya hanya ɗaya ke nan, sanda biyu na buɗe hanya biyu, abin da ke taimaka wa wasan da furosesa ke riƙe da shi. Ƙara 8GB DDR4 SODIMM mai gudun 2666, ka duba a Task Manager ƙarƙashin Memory ko akwai gurbi a buɗe, zai rubuta Slots used 1 of 2.

Sabongari_Tek:
Malama Hauwa, ban ƙi ba, amma a duba tukuna. In yana wasa ram bai wuce kashi 85 ba, faifai kuma na bugun 100 daidai lokacin tsayawar, SSD ne. Kuma fayil ɗin musayar Windows na kan SSD ɗinsa ne tunda can Windows yake, don haka ko ram ya cika zafin bai kai na HDD ba.

Hauwa_Hanwa:
To ya duba ɗin. Amma 8GB a nau'in wasan na 64-bit da manyan layuka, ƙarshenta sai ya ƙara.

Dan_Samaru:
Ga sakamako. Caja 150W ce, alhamdu lillahi, kuma wasan na kan Nvidia. Na sauke SSAA zuwa FXAA da MSAA: karkara ta haura 80, Paddington kuma daga 15 zuwa 19 kawai. Katin a can yana kan kashi 45. Ke nan maganar Injiniya ta tabbata. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne zafin furosesa na kai digiri 96, kuma gudunsa na sauka daga wajen 4.0GHz zuwa 2.9 bayan an ɗan jima.

Mai_Gyara_PZ:
To ga ta nan. Iyakar wannan furosesan 100 ne, kuma kafin ya kai yake fara rage gudu don ya kare kansa. Wasan da ke rataye a zare ɗaya gudun nan shi ne abincinsa, daga 4.0 zuwa 2.9 ka yi asarar sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙurar hunturu ce ta taru, kuma yanzu ga zafin bazara na tafe, a Maris da Afrilu ɗaki na iya kusan 40 da rana.

Yadda ake yi: kashe laftof, cire caja, buɗe murfin ƙasa, zare igiyar batir daga allon uwa kafin ka taɓa komai. Cire fanka. Tsakanin fanka da haƙoran jan ƙarfen da iska ke fita za ka tarar da ƙura ta danƙare kamar auduga, cire ta da buroshin haƙori busasshe. In za ka hura da bulowa, riƙe fuka-fukan fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa da ƙarfi ta lalace. Sai ka kwance bututun jan ƙarfen bisa lambobin da ke jikin sukurorin, goge tsohon man da ya bushe da sifirit mai ƙarfi, sa sabo kamar ƙwayar shinkafa a kan furosesa da kan katin, ka ɗaure sukurori a jere 1, 2, 3, 4 kaɗan-kaɗan, ba ka ƙulle ɗaya gaba ɗaya sannan ka koma na gaba ba. Ƙananan katifun roba masu laushi da ke kan sauran sassan a mayar da su inda suke, kada a yar. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a ɗan ƙaramin gwangwani ba ya jimawa yake bushewa, nemi na sirinji irin Arctic MX-4.

Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, igiyar fanka siririya ce, tana tsinkewa da ɗan ja. Kuma kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma ana wasa. A ɗaga bayansa da yatsa biyu daga tebur.

Direban_Kaura:
Akwai hanya mai sauƙi ba tare da buɗe na'ura ba. A Power Options, Processor power management, sa Maximum processor state a 99. Zafi zai sauka sosai.

Injiniya_Kongo:
Zai sauka, don 99 na kashe Turbo ne, ƙarin gudun da furosesa ke yi in aiki ya yi nauyi, furosesan ya tsaya a gudunsa na asali 2.4. Wato ƙasa da 2.9 ɗin da zafi ke jefa shi. A wasan da kati ke ɗauke da nauyi dabara ce mai kyau, a wannan kuwa Paddington zai ƙara muni. Abin da zai rage zafi ba tare da wannan asarar ba shi ne ƙayyade firam. Yanzu a karkara na'urar na zana 80 a allon da wataƙila 60 kawai yake nunawa, tana tara zafi a banza, sai ta iso gari a gajiye. A Steam danna dama a kan wasan, Properties, a Launch Options rubuta -FPSLimit=30 ko 40. Ko a Nvidia Control Panel, Manage 3D settings, Program Settings, Max Frame Rate. Ɗaya za a yi amfani da shi, ba duka biyun ba.

Bazazzagi_88:
30? Injiniya wannan ya yi ƙasa. In ka juya kai a ɗakin direba ko ka kalli sandunan gefen hanya ana gudun 200, bambancin 30 da 60 a bayyane yake.

Injiniya_Kongo:
A bayyane yake, ban musa ba. Amma abin da ido ya fi ƙi shi ne hawa da sauka. A 60 kowane hoto na ɗaukar milisakan 16.7, a 30 kuma 33.3, a 19 kusan 53. Faɗowa daga 80 zuwa 19 ana jin ta sosai, daga 30 zuwa 25 da ƙyar a lura. Jirgin ƙasa ba wasan harbi ba ne, idonka na kan dogo da sigina. A allo mai 60Hz, 30 na rabuwa daidai, kowane hoto ya zauna sau biyu, shi ya sa yake fin 40 santsi duk da 40 ta fi yawa, sai dai in allon na da G-Sync ko FreeSync, masu sa allo ya bi gudun firam.

Bazazzagi_88:
Ni dai 60 a fili, a jure faɗuwa a tasha inda jirgi ke tafiya a hankali dama. Kowa da idonsa.

Yaron_Kwangila:
Yayyena, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Wannan duk ya shafi Train Sim World 5 ma? Nawa na yawan tsinkewa a sabon layi.

Sabongari_Tek:
Ƙanena, inji daban ne, wancan Unreal Engine 4 ne, duk da kamfani ɗaya ne, Dovetail Games. Hanyar awo ɗaya ce, sai dai F3 ke nuna firam. Tsinkewar farko a sabon layi sau da yawa shirya kayan zanen haske ne da katin ke yi karon farko, in ka sake bin layin tana raguwa, in ka sabunta manhajar katin kuma ta dawo na ɗan lokaci. Saitin da suka fi nauyi: Shadow Quality, Sky Quality a layukan da ke da gajimare mai kauri tun daga Train Sim World 3, Foliage, da Screen Percentage. Na ƙarshen a 80 cikin ɗari yana rage ɗigon da ake zanawa zuwa kashi 64, don ta gefe biyu yake ragewa. Motion Blur a kashe. In katinka 4GB ne kada ka kai Texture ƙarshe, in ma'ajiyar katin ta cika tsinkewa ce za ta biyo baya.

Za ka ga ana raba layukan Engine.ini a intanet. Fayil ɗin na cikin Documents, My Games, foldar wasan, Saved, Config, WindowsNoEditor. Yawancin waɗanda ake rabawa don ƙara kyau ne, irin ɗaga r.ViewDistanceScale, nauyi suke ƙarawa. Kwafi na asalin ka ajiye kafin ka taɓa.

TsohonReluwe:
Ga masu ƙaramar na'ura da ke karanta wannan suna jin an bar su a baya, akwai Open Rails. Kyauta ne, yana tafiyar da kayan Microsoft Train Simulator na 2001, kuma laftof mai katin Intel na ɗaukarsa in an rage Viewing distance aka kashe Dynamic shadows.

Kuma tunda ana maganar nauyin tasha, ina fata wata rana matasanmu su gina layin Zariya a ɗaya daga cikin waɗannan. Mahaɗa ce ta gaske: Kaduna ta kudu, Kano ta arewa, ga reshen Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda. Dogon ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1067, ba 1435 irin na Abuja zuwa Kaduna ba. Har ƙaramin layin da ya tashi daga nan zuwa Jos akwai, aka rufe shi a 1957.

Hauwa_Hanwa:
Baba, da an yi shi da sauƙin tafiya ma zai yi. Layi ɗaya ne, ba wayar lantarki a sama, jirage kaɗan. Inda za a yi hattara shi ne yadin tashar Sabon Gari da unguwannin gefen dogo. Mai gini ya haɗa gidaje goma su zama abu ɗaya maimakon ya dasa kowanne daban, ya yi wa na nesa siffa mai sauƙi, kuma kada ya cika yadi da taragu, don wasan na lissafa kowane tarago a matsayin abin hawa ko da a ajiye yake. Wahalar ita ce kan jirgi da taragun da suka dace da 1067, sai an ƙera ko an nemo na ƙasashen da ke da irin faɗin, kamar Afirka ta Kudu.

Injiniya_Kongo:
Maganar taragun nan ta dawo da mu kan Dan_Samaru. Gwada Paddington a Quick Drive, sannan a aikin da ke da jiragen kwamfuta da yawa, ka kwatanta. Kowane jirgin da kwamfuta ke tuƙawa na cin furosesa, musamman kan jiragen da aka cika wa tsarin aiki mai zurfi. In bambancin na da yawa, ba saitin hoto ne zai gyara shi ba, sai dai ka zaɓi aiki mara cunkoso.

Mai_Gyara_PZ:
Wani abu kuma: in ka ga saƙon Out of Memory ko wasan ya rufe kansa a tsakiyar tafiya, tabbatar 64-bit ka zaɓa lokacin kunnawa. Na 32-bit ba ya iya wuce 4GB komai yawan ram ɗinka, na 64 ɗin tun 2018 yake nan. Bayan sa sabon kaya a shiga Settings, Tools, Clear Cache. Verify integrity na Steam kuma a bar shi sai dole, don yana mayar da duk fayil ɗin da aka gyara zuwa asali, yana iya jan data mai yawa ba tare da ya tambaye ka ba.

Dan_Samaru:
Allah ya saka wa kowa da alheri. An share fanka an canza mai, zafi yanzu 82 zuwa 85, gudu na tsayawa kusa da 3.9. Inuwa na sauke mataki biyu, View Distance mataki biyu, Scenery Density mataki ɗaya kamar yadda Baba ya ce. Paddington na ba da 27 zuwa 30. Na sa iyaka a 30 tukuna. 'Yar tsayawar tana nan, kuma na duba agogo, tana zuwa kusan duk sakan 20 a cikakken gudu. Amma ram ma na kai kashi 91 a lokacin. To Malama Hauwa da Sabongari_Tek, wanne zan fara saya?

Sabongari_Tek:
Tazarar sakan 20 ta nuna tayil ne. SSD. Kafin ka saya ma, in akwai fili a ƙaramin SSD ɗinka, matsar da wasan can ka gwada, amma ka bar masa aƙalla 20GB a buɗe don Windows.

Hauwa_Hanwa:
91 cikin ɗari ba wurin numfashi. Rufe burauza da duk abin da ke tashi da Windows, ka sake dubawa. In ya sauka ƙasa da 80 kuma tsayawar na nan, na bi bayan Sabongari_Tek. In bai sauka ba, ram.

Bazazzagi_88:
Tunda katin na da sauran ƙarfi yanzu da ka tsaya a 30, mayar da SSAA 1x2 ka ga ko wayoyin saman Paddington za su daina ƙyalƙyali. Ka duba zafin katin bayan rabin awa ka faɗa mana.